Ba Laifin Yayata Ba Ne

Na sha rubuta labarin uwar miji mai tsangwamar matar ɗanta, ban taɓa zaton zan gani a gidanmu ba.

Yayata ɗan Gwaggonmu ta aura, auren zumunci kuma na soyayya. Allah Ya ba su ɗa namiji. Yana wata huɗu ya fara kuka ba dare ba rana, ya ƙi nono, ƙafafunsa suka sanƙare. Nan fa Gwaggo ta ce nonon Yaya ne marar kyau, wasu suka ce iska ce. Wallahi Yaya ta rame kamar ba ita ba.

Sai da aka aika jininsa ƙasar waje sannan likita ta zaunar da mu. Ta ce cutar Krabbe ce, sunan likitan ƙasar Denmak da ya bayyana ta a 1916. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, in ji ta, kamar wayar lantarki suke, kowace da rigarta mai suna mayalin. Akwai ƙwayoyin giliya masu yi musu hidima: wasu su saƙa rigar, wasu su yi shara, wasu su tallafa. Jikin yaron ba shi da sinadarin narkar da wani irin kitse, shi ya sa guba ta taru tana kashe masaƙan. Masu shara su cika su kumbura, masu tallafi su mamaye gurbin ya zama tabo. Saƙo daga ƙwaƙwalwa ya kasa bi ta laka ya isa ƙafa.

Gwaggo ta ce, "To daga wa ya ɗauko?"

"Hajiya, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, su kuwa lafiyarsu ƙalau. Kowane ciki kashi 1 cikin 4 ne. In miji da mata jini ɗaya ne, an fi haɗuwa da ita."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Da daddare da kanta ta kai wa Yaya kunu.

Bai kai shekara biyu ba ya koma. Allah Ya sa mai ceto ne.

Ƙannena, ban ce ku guji ɗan uwa ba. Amma in an taɓa rasa jarirai da irin wannan ciwo a danginku, ku je wajen likita tare kafin a sa rana. Kuma don Allah a daina ɗora wa uwa laifi.