Tsohuwar jaka ba shara ba ce

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ina so mu yi magana a kan tsohuwar jaka. A gidaje da yawa na Ollelewa akwai ta, an rataye ta a kusurwar ɗaki, ƙura ta rufe ta. Wani yana da taiki, wani burgami, wani gafakar da kakansa yake sa Alƙur'ani a ciki. Yau buhun leda ya cika kasuwa, sai muka daina duban su.

Ƙasarmu Damargu hanyar ayari ce tun da. Buzayen Abzin suna zuwa su ɗauki hatsinmu, su kai Bilma da Fashi, su komo da gishiri da dabino. Ayari kuwa ba ya tafiya sai da jaka. Kakana ya bi wannan hanya, kuma taikinsa yana hannuna. Ɗinkinsa bai saki ba har yau.

A fari na 1973 da na 1984 dabbobi sun mutu, rumbuna sun bushe. Mutane da yawa sun sayar da kayan gado don su sami abin sawa a baki. Ba laifinsu ba ne, yunwa ba ta da kunya. Amma na ga an ba da jakar aure mai ado a kan tiya kaɗan ta hatsi. Wanda ya saya ya san darajarta, mai ita bai sani ba.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan gado ba. Can Asiya, arewa da Iran, akwai ƙasar Turkmenistan. Mutanenta na da makiyaya ne masu raƙuma da tumaki, suna kwana cikin tanti. Matansu suna saƙa jaka da gashin tumaki. Babba sunanta cuwal, ƙarama torba. Suna rataye su cikin tanti, su zuba tufafi da kayan gida. Budurwa takan saƙa nata kafin aure. Kowace ƙabila, kamar Teke da Yomut da Salor, tana da zanenta da ake kira gul. Guda 5 na irin wannan zane suna jikin tutar ƙasarsu. A 2019 hukumar UNESCO ta sa saƙarsu cikin gadon duniya.

Yau masu kuɗi a Turai da Amurka suna neman waɗannan tsofaffin jakunkuna. Kafin su saya, sai sun juya bayan saƙar sun duba ƙulli. Suna duban zane don su san ƙabila. Suna duban rini kuma. Jan da aka yi da saiwar tsiro shi ne na da. Rinin kanti kuwa an fara yin sa a Ingila a 1856, daga baya ya kai can.

To, mu ma haka za mu duba namu. Na farko, jima. Majemanmu da bagaruwa suke jeme fata, kuma tsohuwar fata mai kyau tana da laushi, tana sheƙi inda hannu ya saba kamawa. Na biyu, launi. Jan karan dafi yana shiga cikin fata, yana yin duhu da tsufa. Fentin zamani a sama yake zama, yana ɓarewa. Na uku, ɗinki. Dukawan da suna ɗinki da siririyar fata. In kun ga zaren roba, to sabon aiki ne, ko kuwa gyara. Na huɗu, ado. Jakar Buzaye aikin matan maƙeransu ce, tana da dogayen geza da launin algashi. In abin ya shige muku duhu, ku kai wa tsohon baduku, da ya taɓa zai gaya muku.

Ga inda karatunmu zai yi amfani. Ku je wurin tsofaffi tun suna da rai. Ku tambaye su wa ya yi jakar, a wane gari, wa ya yi tafiya da ita. Ku rubuta a takarda, ku sa a ciki. Ku shafa mata ɗan mai, ku nisanta ta da gara da ruwan damina.

In dole ta sa za ku sayar, kada ku karɓi tayin farko. Ku tambayi mutum biyu ko uku. Ku sani a Yamai akwai gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, inda ake ajiye kayan kakanni don yara su gani. Abin da hukuma ta gina wa gida, bai kamata mu bar shi ga ɓera ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gadonmu.