Abin da ke riƙe yatsa a kan waya

Jarabar kafafen sada zumunta tana samun ƙarfinta ne daga rashin sanin abin da zai biyo baya. Mutumin da ya raba dare yana latse-latsen waya, in aka tambaye shi da safe me ya gani, da ƙyar zai kawo abu uku. Yawancin abin da ya wuce ta gaban idonsa tarkace ne, amma jefi-jefi akan faɗo kan wani abu mai ban dariya ko saƙon da ake jira, kuma wannan jefi-jefin shi ne ƙugiyar.

Masana halayyar ɗan'adam sun san haka tun kafin a yi intanet. A shekarun 1930, B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ta Amurka ya ƙera wani akwati da ake sa ɓera a ciki, in ya danna wani ƙarfe sai abinci ya faɗo. Daga baya ya koma kan tantabaru, kuma a 1957 shi da Charles Ferster suka fitar da littafi guda a kan tsarin ba da lada. Tantabarar da ke samun ƙwaya duk lokacin da ta yi caka, da zarar ƙwayar ta yanke sai ta haƙura nan da nan. Wadda kuwa aka saba mata da samu ba tsari, wani lokaci bayan caka uku, wani lokaci bayan talatin, ita ce ke ci gaba da caka har ta galabaita, ko da an daɗe da ɗauke abincin. A kan wannan tsarin aka gina injinan caca. Natasha Dow Schüll, wadda ta yi shekaru tana nazarin 'yan caca a Las Vegas, ta nuna a littafinta na 2012 cewa da yawansu sun daina damuwa da ci ko faɗuwa. Burinsu kawai su ci gaba da zama gaban injin, cikin wani yanayi da lokaci da damuwa ke ɓace musu.

A cikin ƙwaƙwalwa, sinadarin da aka fi ambata a wannan magana shi ne dofamin, kuma an fi yi masa gurguwar fahimta. Ana yawan kiransa sinadarin daɗi, alhali aikinsa ya fi kusa da tsammani. Wolfram Schultz ya auna wannan a jikin birai a shekarun 1990. Da farko ƙwayoyin dofamin kan motsa idan ɗigon ruwan 'ya'yan itace ya shiga bakin biri ba zato. Da birin ya gane cewa wata alama ce ke zuwa kafin ruwan, sai motsin ya koma kan alamar. Idan alama ta zo ruwa bai biyo ba, motsin yakan yi ƙasa da yadda yake a da. Wani gwajin da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya nuna cewa motsin jira ya fi ƙarfi a lokacin da samu da rashi suka yi kunnen doki. Ƙarar shigowar saƙo irin wannan alamar ce.

Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya ƙara wani bayani da ya warware abin da ke ɗaure wa masu jarabar kai. Ya nuna cewa kwaɗayin abu daban, jin daɗinsa daban, kuma hanyoyinsu a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne. Kwaɗayi na iya ƙaruwa yayin da daɗin ke raguwa. Shi ya sa mutum zai ce waya ta ishe shi, kuma yana faɗar haka hannunsa na laluben aljihu.

Masu ƙera manhajoji ba su ƙirƙiro wannan rauni ba, sun dai same shi suka gina gida a kai. A 2006 Aza Raskin ya fito da shafin da ba ya ƙarewa, wanda ya kawar da wurin tsayawa da ƙarshen shafi ke bayarwa, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Loren Brichter ya kawo salon jan allo ƙasa don sabbin abubuwa su sauko, motsin da mutane da yawa suka kwatanta da jan hannun injin caca. A 2009 Facebook ya sa maɓallin nan mai alamar babban yatsa, wanda ya mayar da yabon jama'a adadi da ake iya ƙirgawa. Wannan ladan ya fi ƙwayar tantabara kama rai, domin ɗan'adam tun asali yana auna matsayinsa ne da idon mutane. Wanda ya ɗora hoto bai san ko mutum biyar za su yaba ko ɗari biyar ba, don haka sai ya yi ta leƙe. WhatsApp ya kawo shuɗin alamar karanta saƙo a 2014, sai shiru ma ya zama magana. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya amsa a 2017 cewa shi da abokan aikinsa sun san suna amfani da wani rauni na zuciyar ɗan'adam, kuma suka yi.

Da tafiya ta yi nisa, ladan kansa yakan rage muhimmanci, sabo ya karɓi ragama. Binciken Wendy Wood ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na ayyukan yau da kullum ana yinsu ne a wuri guda, a yanayi guda, hankali yana wani wajen. Zaman jira, kaɗaici, kwanciya, ko 'yar gajiya a tsakiyar aiki, kowanne na iya zama abin da ke tura hannu kafin tunani ya iso. Hausawa da suka ce sabo turken wawa ba su ware mai ilimi ba.

Ko wannan ya kai a kira shi cuta, nan masana suka rabu. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 caca kaɗai ya amince da ita a matsayin jarabar da ba ta shaye-shaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo a kundinta a 2019, amma ba ta sa ta kafafen sada zumunta ba. Ma'aunin da likitoci ke dubawa ya wuce yawan sa'o'i: ana duba ko mutum ya yi ƙoƙarin ragewa ya kasa, da ko abin ya fara cin barcinsa, karatunsa, sana'arsa ko zamansa da iyali.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwaje mafi tsafta da aka yi a kan tasirin kafafen shi ne na masana tattalin arziki daga jami'o'in Stanford da New York a 2018, inda aka biya wasu mutane su rufe Facebook na mako huɗu. A matsakaici, kowannensu ya samu rarar kusan awa guda a rana, ya ƙara zama da dangi da abokai, walwalarsa ta ɗan ƙaru, saninsa na labaran siyasa kuma ya ragu. Da wa'adin ya cika yawancinsu sun koma, sai dai amfaninsu da shafin bai kai na da ba.