Duniya Fararriya ce ko Daɗaɗɗiya?

Tun kafin a ƙera madubin hangen nesa malamai ke jayayya a kan ko duniya fararriya ce ko daɗaɗɗiya, wato halitta baki ɗaya, sammai da ƙasa da abin da ke tsakaninsu. Ibn Sina da masu bin tafarkin Aristotal sun tafi a kan cewa ba ta da farko a zamani, domin a ganinsu Allah ba ya sauyawa, saboda haka ba zai kasance babu halitta ba sannan daga baya ya ƙudurta yin ta. Imam Gazali ya yi musu raddi a littafinsa Tahafutul Falasifa wajen shekarar 1095, inda ya tambaye su ko Allah yana da ikon ya halicci sama ta fi yadda take kauri da kamu ɗaya. In sun ce a'a sun jingina masa gazawa, in kuwa sun ce i, to kamu biyu fa? Ibn Rushd ya mayar da martani daga Andalus a ƙarni na 12. Almajirin da ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi a zaure ya gāji ɓangaren Gazali ne: duniya fararriya ce, kowane fararre kuwa yana buƙatar wanda ya fare shi.

Kimiyyar zamani ma da ra'ayin dawwama ta soma. A 1917 Albert Einstein ya cusa wani ƙari a lissafinsa don kawai sararin samaniya ya tsaya cik. Cikin waɗanda suka fara saɓa masa har da wani limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, wanda ya nuna a 1927 cewa sararin faɗaɗa yake yi. A 1929 Edwin Hubble ya auna hasken garken taurarin da ake kira galaksi daga tsaunin Wilson a Amurka, ya ga cewa gwargwadon nisan kowanne gwargwadon saurin gudunsa daga gare mu. Abin da ke buɗewa kuwa, in aka bi sawunsa baya, dunƙule yake. A kan haka Lemaître ya ce a 1931 komai ya faro ne daga dunƙule guda. Fred Hoyle, masanin taurari na Ingila, ya ƙi yarda, kuma ba ya ɓoye cewa maganar farko tana yi masa ƙamshin addini. Shi ne ma ya laƙaba wa ra'ayin suna Big Bang a gidan rediyon BBC a 1949.

Sai a 1951 Fafaroma Pius na 12 ya bayyana cewa kimiyya ta zama shaida a kan halittar Allah. Kowa zai zaci limamin nan zai yi murna, amma bai yi ba, har ya nemi a daina haɗa abubuwan biyu. Hujjarsa tana da ƙarfi. Lissafi yana komawa baya ne zuwa wani hali na matsanancin zafi da cunkoso, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce a ƙiyasin yau, daga nan ya tuƙe. Ko akwai wani abu gabanin wannan, ko daga babu aka samar da shi, awo bai faɗa ba. Madubi haske yake kamawa, gaibu kuwa ba ya cikin abin da ake kamawa da madubi. Wanda ya ɗaure imaninsa a jikin sakamakon bincike, ranar da aka gyara sakamakon imanin zai girgiza, kamar yadda wanda ya dogara da dawwamar duniya don musanta Mahalicci ya rasa madafa a 1965, lokacin da Penzias da Wilson suka sanar da gano ragowar ɗumin farkon nan a kowace kusurwa ta sama.

Malamin aji zai gamu da wannan tambaya, sau da yawa daga bakin yaro mai kaifin basira da ya ji abu guda a Islamiyya da yamma, ya ji wani a darasin kimiyya da safe. Tsawa ba ta amsa masa, haka nan gaggawar cewa kimiyya ta tabbatar da nassi tana iya zame masa tarko nan gaba, domin binciken bai ƙare ba. Lemaître ya rasu a 1966, jim kaɗan bayan labarin ɗumin ya iske shi. A 1998 kuma aka gano cewa faɗaɗar ƙara sauri take yi, kuma har yanzu masana ba su tantance abin da ke ingiza ta ba.