Rediyon Baba da Masu Gida

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Ni kuwa duk sa'ad da na waiwaya baya, abin da nake fara hangowa shi ne wata 'yar rediyo mai batir huɗu da aka ɗaure murfinta da kyauron keke, tana ajiye a kan teburin ɗinkin mahaifina a Fagge. A bakin wannan rediyo na fara sanin ƙungiyar Kano Pillars, a nan kuma na tabka wani sakaci wanda har gobe nake cizon yatsa a kansa. Shi ya sa na ga ya dace in kawo zancen gaban 'yan'uwana marubuta, ko wani ya tsira daga abin da ni ban tsira ba.

Baba tela ne, kuma mutumin Raccah Rovers ne na gani-kashe-ni. Ga wanda bai riski zamanin ba, Raccah ita ce ƙungiyar Kano da ta cinye gasar lig ta ƙasa a 1978. A wannan shekarar ce Baba ya rufe shago ya bi jirgin ƙasa zuwa Kaduna, don ya kalli Raccah ta kara da Fluminense ta ƙasar Birazil, ranar da Pele da kansa ya sa rigar baƙin ya shiga fili. Wannan labari na ji shi ya fi sau shurin masaƙi. Da Raccah ta wargaje bayan 'yan shekaru, sai Baba ya yi wa ƙwallo saki uku, ya ce ƙafarsa ta bar taka filin wasa na Sabon Gari.

Ana nan sai ga 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, wato wadda ɗan wasa zai riƙi tamaula a matsayin sana'a. Kano na bukatar wakiliya, sai aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA ta hukumar ruwa, da Golden Stars, da ta Bankin Arewa, aka fitar da guda ɗaya aka raɗa mata suna Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har abin ya tabbata. Ina ɗan shekara goma sha uku a lokacin. Na shigo shago da gudu na ce, "Baba, an yi mana sabon kulob!"

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya gatsa zare da haƙori ya ce, "Kai yaro, rigar da aka ɗinka da ƙyalle uku sunanta faci. Wanki ɗaya za ta yi ta rabu."

Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Daga ranar muka ja daga, ni da shi. Nakan tara kuɗin tara na makaranta in tafi Sabon Gari, wani lokaci kuma mu jira sai an kusa tashi an buɗe ƙofa mu kutsa kyauta. In na dawo da ƙura har gira, sai ya ce da Inna, "Ba shi tuwo, 'yan facin nasa ba za su ciyar da shi ba."

A 1991, ƙungiyar tana da shekara ɗaya tal, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale. Wannan kofi yana da tarihi a wurin Kanawa, domin tun 1953, lokacin ana kiransa Kofin Gwamna, zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, suka zama na farko da suka fitar da shi daga Ikko. Abokiyar karawarmu a 1991 ita ce El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Na roƙi Baba aron rediyo, ya ce batir ya yi sanyi. Na tafi maƙwabta na saurara, aka ci mu 3 da 2. Na dawo ina share hawaye, sai na tarar da keken ɗinki a tsaye, rigar da ya fara tun azahar ko hannu bai sa mata ba, rediyo kuwa da na taɓa ta sai na ji ta da ɗumi. Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. Amma daga ranar na gane cewa sakin nan da ya yi wa ƙwallo akwai kome a cikinsa.

Shekaru suka shuɗe, wata shekarar daɗi wata wuya. Muka ga tashen Ahmed Garba Yaro Yaro, muka ga ƙungiya ta koma sabon filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, filin da ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da na Kofin Afirka a 2000. Kirarin "Sai Masu Gida" ya kama bakin yaro da babba, kuma ba kirarin banza ba ne, gama tun daga 2003 sai da aka shekara goma sha biyu ba wata ƙungiya da ta ci Pillars a gida a gasar lig, har zuwa Agustan 2015 da Nasarawa United ta karya lagon da ci 2 da 1.

Sai a 2008, shekara 18 da kafuwa, kuma shekara 30 cif bayan nasarar Raccah, kofin lig ya dawo Kano a ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana. Lokacin na yi aure har da 'ya'ya, Baba kuma ido ya yi rauni, ya bar ɗinki. Na je na durƙusa na ce, "Baba, facin nan dai har yau bai rabu ba." Ya yi murmushi ya ce, "A gida ne. Ku fita waje mu gani."

Ai kuwa aka fita. A 2009 Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, ƙungiyar da ke riƙe da kofin, wadda ta riga ta ɗauke shi sau shida. Aka yi 1 da 1 a Nijeriya, kowa ya ce shi ke nan, a Alƙahira za a yi jana'iza. Aka je can aka tashi 2 da 2, sai dokar ƙwallon waje ta ba mu nasara. Daren nan ina tare da Baba a zaure. Da labari ya tabbata, tsohon nan da sai an kama shi yake miƙewa ya ɗaga sandarsa sama ya ce, "Sai masu gida!" Karon farko ke nan da na ji kalmar a bakinsa. Ko da Heartland ta Owerri ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, bai janye ba. Ya ce, "Ɗinkin ya yi. A gaya wa telan na sara masa."

A daren na Alƙahira ya ce da ni, "Kai da kake rubuce-rubuce, ka zo da littafi in faɗa maka 'yan wasan Raccah ɗaya bayan ɗaya, da unguwar kowa, da sana'ar da yake yi in ya bar fili." Na ce to, sai ranar Juma'a. Juma'a ta zo ina fama da wani littafin soyayya da nake son in kai maɗaba'a. Na ɗaga zuwa wata Juma'ar, ita ma ta wuce. Baba ya rayu har ya ji Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, amma Allah Ya karɓi abinsa a 2011, littafin nan ko layi ɗaya ban rubuta a ciki ba.

Bai ga kofunan 2012 da 2013 da 2014 da aka jera ba. Bai ga 2019 ba, ranar da su Rabi'u Ali suka doke Niger Tornadoes da bugun fenariti a Kaduna, suka kawo kofin nan da ya kuɓuce mana a 1991. Allah Ya kuma rufa masa asiri bai ga faɗuwar ƙungiyar zuwa rukuni na biyu a 2022 ba, kafin ta farfaɗo a 2023. Duk waɗannan ina iya lissafa su da shekarunsu, domin jaridu sun ajiye. Abin da ke cikin kan Baba kuwa, wato yadda aka rera waƙa a jirgin Kaduna, da wanda ya yi karo-karon kuɗin mota, da abin da 'yan kallo suka faɗa da Pele ya taɓa ƙwallo, duk ya bi shi kushewa.

To jama'a, ga inda zancen ya dosa. Mu marubutan Hausa mun cika kasuwa da labaran ƙagagge, kuma ban ce laifi ba ne, ni ma cikinsu nake. Amma da yawanmu muna ganin ƙwallo abin 'yan tasha ne, bai kai a ɓata masa tawada ba. Alhali a filin nan ne Bahaushe da Ibo da Bayarabe suke sa riga ɗaya, mai kuɗi da ɗan dako su rungumi juna ba su san sunan juna ba. In wannan bai isa adabi ba, me ya isa? Har yanzu akwai tsofaffin 'yan wasan Raccah da na WRECA da na farkon Pillars a cikin unguwanninmu, wasu na zaune a ƙofar gida ba mai tambayar su komai. Kowace shekara kuma ana raguwa.

Rediyon tana nan a ɗakina, kyauron ya tsinke na sake mata wani. Littafin ma yana nan, kuma bana na fara cika shi daga bakin abokan Baba biyu da suka rage. Mai karatu, in kana da irin wannan tsoho a gida, kada ka ce sai Juma'a. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani, amin.