Hukumar da Ke Kujama

Unguwar Boro tana kudancin kogin Kaduna, daura da Sabon Tasha. Ta daɗe da shigewa cikin gari, amma a hukumance tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Chikun, mai hedikwata a Kujama. Shugaba guda ke ɗauke da ita, da Narayi, da Gonin Gora, har da Kuriga can hanyar Birnin Gwari.

A Faransa kuwa, kusan kowane ƙauye da magajin garinsa da majalisarsa. Irin waɗannan hukumomi sun kusa 35,000, alhali na Nijeriya 774 ne kacal. Baƙauyen can yakan tare magajin gari a shagon burodi, ya kai masa kukan kwata.

Idan damina ta cinye layi a Unguwar Boro, masu gidaje ke yin karo-karo su sayo marmara, mai unguwa ya tsawata wa masu noƙewa. Shi ne hukumar da ido ke gani, ga shi ba shi da baitulmali. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko sun iso, a Kujama za su fara sauka.