Cokali Da Fil Ɗin Nafkin

Allah ya ba ni 'ya'ya biyar, dukansu kuwa da nafkin na yadi na rene su. Abin da na lura da shi a gidana da kuma cikin zumuntar mata shi ne, jariri yakan yi ɓulɓul sa'ad da yake kan nono kaɗai, amma da an soma ba shi kunu sai waɗansu su fara ramewa. Uwa ba ta cika ganewa da wuri ba, gama kullum yaron yana bayanta, ido ya saba da shi.

A shekara ta 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa masa. Ko da bazara ce, ruwan da ke cikin nono ya ishe shi. Na sani kaka za ta ce ƙishi zai kashe mata miji. Ki amsa mata da ladabi, ki ƙara ba shi mama. In ya cika wata 6, wuyansa ya tsaya, yana zama in an tokare shi, yana kai hannu akushi, to, lokacin cokali ya yi.

A nan ne aiki yake. Cikin yaro ƙarami ne ƙwarai. In kin cika shi da tsararon koko, ya ƙoshi da ruwa ke nan, jiki bai sami kome ba. Ki dama kunu da kauri, yadda in kin karkata cokali ba zai zube nan da nan ba. Ni nakan soya gero da gyaɗa da waken soya sama-sama, in kai niƙa, in ajiye garin a gwangwani mai murfi. Wajen damawa in ɗiga manja ko man gyaɗa kaɗan. Ki soma da cokali 2 ko 3, sau 2 a yini, kina ƙarawa a hankali. In ya kai wata 9, ya ci sau 3 ko 4, har da dafaffiyar kabewa, wake da aka murje, ayaba, gwanda, garin zogale da kifin da aka cire wa ƙaya. Ki ba shi ƙwai dafaffe. Zancen da ake yi wai ƙwai yana sa yaro sata ba shi da tushe. Zuma dai a bari sai ya shekara.

Ina roƙonku ku bar ɗura. Toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu yakan sa kunun ya bi hanyar numfashi zuwa huhu. In ya ƙi yau, ki sake gwadawa gobe. Ki wanke hannu da sabulu, ki ba shi ɗan kwanonsa dabam domin ki san abin da ya ci.

Abincin nan kuwa nafkin ne yake fara ba da labarinsa. Kashin yaro yakan canja, ya yi kauri da wari. Ki kakkaɓe shi a masai, ki jiƙa nafkin a bokiti, ki wanke, ki ɗauraye har kumfa ya fita sarai, ki shanya a rana. Sauran sabulu da daɗewa cikin fitsari su ne suke sa gindin yaro ya yi ja.

Yadin guda ne, ninki ne yake girma tare da yaro. Ga jinjiri nakan ninka shi biyu kusurwa da kusurwa, in sake ninkawa, har kunnuwansa su hau juna a ciki. Bayan 'yan watanni ninki ɗaya ya isa. In ya fara rarrafe, fitsari ya yi yawa, sai in shimfiɗa wani ɗan ƙyalle a tsakiya. Ki sa yatsu biyu tsakanin yadi da cikinsa kafin ki soka fil. In wandon roba ya bar shaida a cinya, ya yi masa kaɗan.

Saboda haka nake ce da fil ma'aunin uwa. Yaro mai lafiya yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata 5 ko 6, ya ninka shi uku in ya shekara. In kin ga wata biyu sun wuce kina soka fil a wuri ɗaya, ko ma nafkin ya fara yi masa yawa, kada ki ce haƙori ne. Ki ɗauki katin awo ki tafi asibiti. Tamowa tana da magani in an tare ta da wuri.

Kunu kuma ba sallamar nono ba ne. A ci gaba da shayarwa har shekara 2. Ku tuna da Hannatu, wadda ta zauna a gida da Sama'ila sai da ta yaye shi, sa'an nan ta kai shi Shilo. Ibrahim ma babban biki ya yi ranar da aka yaye Ishaku. Ku iyaye maza, wannan ya shafe ku. Mudun gyaɗa da ƙwai biyu daga kasuwa sun fi kuɗin allura araha.

Ubangiji ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba mu haƙurin renonsu. Amin.