Tsohuwar Mota Da Marka

Duk mai tsohuwar mota ya san akwai gaba tsakanin injinsa da damina. Motar da ta yi rani duka tana tashi da murɗa makulli sau ɗaya, sai a wayi gari cikin marka ta ƙi, alhali jiya da maraice lafiya lau aka ajiye ta. A nan ne mutane da yawa su ke hasarar kuɗinsu, don su kan zaci wani babban abu ne ya lalace. Abin da na gani cikin shekarun da na yi ina riƙe da irin wannan mota shi ne, galibi ba abin da ya karye. Laima ce kurum ta sace wuta kafin ta isa inda aka aike ta.

Tawa motar irin mai ɗaki ce a ciki, watau da gado da ɗan tebur da wurin ajiye risho, matafiyi ya kwana inda dare ya yi masa. Wadda ta fi suna cikin irinsu ita ce kombi ta kamfanin Volkswagen, wadda aka fara ƙerawa a Jamus cikin 1950, aka ƙera ta ƙarshe a Burazil cikin 2013. Injinta a baya ya ke, kuma a tsofaffin iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Ta daɗe tana ɗaukar fasinja a ƙasar nan. Amma maganata ta shafi kowace tsohuwar mota mai shan fetur. Motocin zamani da kwamfuta ke sarrafawa, nasu sha'anin dabam ne.

Abu uku inji ke bukata kafin ya tashi: fetur, da iska, da tartsatsin wuta da zai kunna su. Wutar daga batir ta ke fitowa, amma ƙarfinta kaɗan ne, bolt 12 bisa ma'aunin lantarki, a wasu tsofaffi ma 6. Sai ta shiga wani ɗan gwangwani mai suna koyil, shi kuwa ya ɗaga ta ta kai 15,000 ko fiye. Daga nan ta bi waya mai kauri zuwa distiributo, watau mai rabo. A ƙarƙashin murfinsa akwai wani ɗan hannu mai juyawa, rota, wanda ke miƙa wa kowane fulogi rabonsa bi da bi. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya tsara wannan hanya wajen 1910, ta kuwa yi shekaru fiye da 60 tana aiki a motocin duniya.

To, wutar lantarki ragguwa ce, kullum hanya mafi sauƙi ta ke nema. Tsallaka ɗan gibin bakin fulogi aiki ne mai wuya a gare ta. In ta sami ruwan da ya gauraya da ƙura da baƙin mai a bayan waya ko a cikin murfi, sai ta bi shi ta sulale jikin ƙarfen inji, fulogi ya zauna yana jira. Ba lalle sai ruwan sama ya daki injin ba. Yadda gumi ke taruwa a cikin murfin tukunya in tuwo ya huce, haka raɓa ke taruwa a cikin murfin distiributo in inji ya huce da dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: sabuwar waya ba ta damu da laima ba, wadda zafi ya tsattsaga ita ce ke yoyon wuta.

Wata shekara cikin Agusta na kwana a wani ƙauye a gefen hanyar Zariya zuwa Jos. Aka kwana ana ruwa. Da asuba sai ga wani dattijo ya yi sallama, ya ce, "Malam, ka taimake mu don Allah. Jikana ne zazzaɓi ya yi wa tsanani har yana sanƙarewa, kuma ba wata mota a garin nan sai taka." Na ce, "Baba, a shirya shi, ina zuwa." Na murɗa makulli, inji ya juya, amma bai kama ba. Nan da nan jama'a suka taru. Wani ya ce a tura, wani ya ce a kwance kafireto, wani ma ya ce baki aka yi mata. Na ba su haƙuri, na bi abin daki-daki, ga kuwa yadda na yi.

Da fari na kunna fitila, na sa yaro ya duba ta ina murɗa makulli. Da ta dushe ƙwarai, ko na ji ƙas-ƙas kawai, da na san batir ne ya yi sanyi ko kawunansa suka yi datti. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir, ruwan ɗumi da kanwa na wanke shi, muddin ba a bari ya shiga ciki ba. Fitila ba ta dushe ba, saboda haka na bar batir ya huta. Kada mutum ya riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere. Wanda ya dinga murɗawa cikin fushi, ciwo ɗaya zai mayar biyu, gama batir zai mutu, fetur kuma ya jiƙa fulogi.

Sa'an nan na zare wayar tsakiya daga murfin distiributo, na riƙe ta da busasshen itace, bakinta kamar milimita 6 daga ƙarfen inji, nesa da kafireto. Aka murɗa, sai ga tartsatsi shuɗi yana ƙara. Wannan ya shaida mini koyil da kwantak lafiyarsu lau, ɓarawon yana gaba. Da tartsatsin rawaya ne mai rauni, ko babu shi sam, da baya zan koma in duba kwantak da kwandensa da koyil.

Na ɓalle maƙalai biyu na ɗaga murfin. Ashe cikinsa duk raɓa ce, ɗigo-ɗigo. Na goge shi sarai da busasshen tsumma, ciki da waje, na goge rota da bakin koyil. Wayoyin fulogi kuwa ɗaya-ɗaya na riƙa zarewa, in goge in mayar, domin kowace da raminta. A kombi jerin wutar 1-4-3-2 ne, in aka sauya biyu sai ta yi ta bindiga ba ta tashi ba. Na rufe, na murɗa, ta yi tari sau biyu ta kama. Duka aikin bai kai minti 15 ba, ba a kashe ko kwabo ba. Hantsi bai yi ba muka isa asibiti, Allah kuma ya ba yaron lafiya.

Wani lokaci wuta na zuwa, amma mota ta ƙi. In ka ji warin fetur, ta sha ya yi mata yawa ke nan. Taka totur har ƙasa, ka riƙe shi ba tare da bugawa ba, sa'an nan ka murɗa, iska za ta share shi. In ba haka ba ne, tsiyayi fetur kaɗan cikin farar kwalba ka ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a gindin kwalba, tanki kuwa daga gindi ya ke ba da abin da ke cikinsa.

Akwai abu uku da na ke gargaɗi a kansu. Kada a kawo garwashi ko fitilar kwai kusa da inji da nufin busar da shi, don tururin fetur ba ya jira. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa mai zurfi, kada a murɗa makulli sai makanike ya cire fulogi ya duba, gama ruwa ba ya matsuwa, zai lanƙwasa ƙarfen fistin. Na uku, kada mai kwana cikin mota ya bar inji yana aiki don jin ɗumi. Cikin hayaƙin salansa akwai guba marar launi marar wari, tana kashe mai barci.

Rigakafin duk wannan ba shi da tsada. Tun kafin ruwan fari ya sauka, ɗauki murfin distiributo ka duba shi a rana. In ka ga siririn baƙin layi kamar zanen fensir, sawun wuta ne, gogewa ba ta warkar da shi, sai sabo. Da dare ka ta da inji a fili cikin duhu ka duba wayoyi. In ka ga shuɗin haske yana wasa a kansu, sun tsufa. Riƙa share ƙura da mai daga jikinsu, ka ajiye busasshen tsumma cikin leda.

Kai da ka fita daga ajin yaƙi da jahilci, kana da abin da direbobi da yawa ba su da shi. Littafin mota zai gaya maka gibin kwantak, a kombi milimita 0.4 ne, lambar da ke jikin fulogi kuma za ta hana a sayar maka da wanda ba naka ba. In aikin ya fi ƙarfinka, kai wa makanike, ka gaya masa abin da ka duba da abin da ka gani, aikinsa ya yi sauri, kuɗinka ya yi sauƙi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.